Murya Ta Dashe, Kukan Jariri Ya Sauya: Yaushe Ne Matsalar Ta Jijiya Ce?

A wannan fitowa za mu taɓo wani batu da ba kasafai ake tattauna shi a ɗakin awo ba, wato murya: taki, da ta jaririn da kike ɗauke da shi. Ranar haihuwa, kafin a tambayi ko mace aka samu ko namiji, abin da ke da ungozoma za ku fara kasa kunne ku ji shi ne kuka. Ma'aikatan lafiya suna gane abubuwa da yawa daga wannan kuka, kuma ke ma za ki iya koyon wasu daga ciki.

Bari mu fara kwantar miki da hankali. Mafi yawan dashewar murya ga mai ciki ba ta da wata illa. Mura ce, ko ƙurar hunturu, ko hayaƙin itace da na turaren wuta, ko ƙwannafin da ke dawo da ruwan ciki mai tsami zuwa maƙogwaro, musamman idan ciki ya tsufa. Shi kansa cikin yakan sa hanci da maƙogwaro su ɗan kumbura daga ciki, muryar ta yi kauri. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa aka sa mata bututun numfashi takan tashi da zafin maƙogwaro na kwana biyu ko uku. Duk waɗannan suna wucewa. Amma akwai wata dashewar da ba daga maƙogwaron take ba, daga jijiyar da ke sarrafa shi take. Ita wannan, zuma da lemon tsami ba sa yi mata komai, askar wanzami kuwa ƙara mata matsala take yi.

Yadda murya ke fita

Ɗora yatsa a gaban wuyanki ki ce "aaa". Girgizar da kika ji daga akwatin murya take, wanda ke zaune a saman bututun iska. A cikinsa akwai wasu 'yan tsokoki biyu masu kama da leɓɓa, ana kiran su igiyoyin murya. Idan kina numfashi buɗewa suke yi iska ta wuce. Idan za ki yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta kaɗa su, kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya ga mace, wajen ninki biyu na haka ga jariri mai kuka. Aikinsu na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali ya fi sauran tsare rai: lokacin haɗiya suna rufewa gam don kada abinci ko ruwa ya faɗa huhu. Shi ya sa ciwon murya na jijiya yakan zo tare da ƙwarewa.

A Hausa, jijiya sunan abu fiye da ɗaya ne, don ta jini ma jijiya muke ce mata. Wadda muke nufi a nan ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, kamar wayar lantarki. Wadda ke motsa igiyoyin murya tana fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, amma ba ta shiga akwatin murya kai tsaye. Ta hagu sai ta gangara har cikin ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya, sannan ta juyo ta hau wuya, ta bi ta bayan wurin da maƙoƙo ke fitowa. Kamar wanda zai shiga gidan maƙwabci ne amma ya zagaya ta kasuwa. Tun a ƙarni na 2 na miladiyya likitan nan Jalinusu, wanda littattafan likitancin Musulunci ke yawan ambata, ya nuna aikinta a birnin Rum: ya yanke ta a wuyan alade mai ihu, nan take ihun ya ɗauke, dabbar kuwa tana ci gaba da numfashi.

Saboda tsawon wannan hanya, duk abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko wuya, ko ƙirji, ko zuciya, yana iya bayyana a murya. Don haka kada ki yi mamaki idan kin zo da dashewar murya likita ya tura ki hoton ƙirji.

Abin da kan sami uwa

Na farko kuma mafi gaggawa shi ne shanyewar ɓarin jiki. Hawan jinin masu ciki, wanda ake ganewa idan awo ya kai 140/90 bayan ciki ya wuce mako 20, yana iya kaiwa ga jijjiga, yana kuma iya fasa jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Haɗarin bai ƙare da haihuwa ba. Yana nan har mako 6 bayanta, wato kusan duk kwanakin arba'in ɗin jego. Idan maganar mai ciki ko mai jego ta sauya farat ɗaya, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, yawu yana zuba, ko hannu ɗaya ya mutu, maigida, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. A lura da lokacin da abin ya fara a gaya wa likita, domin maganin narkar da gudan jini, inda ya dace a yi amfani da shi, cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi. A yi mata addu'a a kan hanya, amma kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko kunu. Maƙogwaron da ya kasa magana sau da yawa ya kasa rufewa ne, abin da aka ɗura huhu zai tafi.

Na biyu a hankali yake zuwa, shi ya sa ake daɗewa ba a gane shi ba. Sunansa mayasteniya, kuma yana yawan kama mata masu shekarun haihuwa. Garkuwar jiki ce ke tare saƙon a daidai inda jijiya ta haɗu da tsoka. Alamarsa gajiya: da safe muryar lafiya lau, zuwa la'asar ta yi rauni tana fita ta hanci, kin fara hira da ƙarfi, kafin ki gama ana cewa ki maimaita. Fatar ido takan sauko, abu ɗaya ya zama biyu, taunar nama ta gagara. A gida akan ce kasalar ciki ce, wani lokaci ma a ce son jiki ne. Ciwon yakan tsananta a watanni uku na farko da kuma bayan haihuwa. Yana da magani, kuma babban maganinsa, piridostigmin, ana shan sa da ciki, amma wasu magungunan nasa sai an canja su tun kafin a ɗauki ciki.

Idan an taɓa gaya miki kina da mayasteniya, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a katin awonki, kuma ki faɗa da bakinki duk inda kika je. Ga dalili: allurar magniziyam salfet, wadda ita ce ke ceton masu jijjiga, tana iya tsayar da numfashin mai wannan ciwo. Haka kuma kwinin da wasu alluran kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin suna tayar da shi. Haihuwa kuma a babban asibiti za ki yi, domin daga jarirai 10 zuwa 20 cikin 100 na irin waɗannan iyaye suna zuwa da raunin na ɗan lokaci: kuka ba ƙarfi, tsotso ba ƙarfi, cikin kwana uku na farko. Yana wucewa cikin makonni, amma a waɗannan kwanakin dole a sa wa jaririn ido.

Na uku daga zuciya yake. Matan da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata wa ƙofar zuciya sukan yi shekaru ba su sani ba, sai ciki ya tona, domin jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake. Ɓangaren zuciyar da ya kumbura yana iya danne waccan jijiya ta hagu, murya ta dashe. Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Ortner ne ya bayyana haka a 1897. Ba kasafai ake ganin sa ba, amma dashewar murya tare da haki, ko tarin dare, ko kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku, abin kawowa asibiti ne a ranar.

Sai maƙoƙo. Shi kansa ba ya yawan shanye igiyar murya, kuma idan ya yi, dalili ne na a binciki maƙoƙon da kyau. Tiyatar cire shi ce ta fi taɓa jijiyar. Idan an taɓa yi miki ita muryarki ba ta dawo daidai ba, ki sanar da likitan da ke sa barci kafin kowace tiyata, har da ta haihuwa.

Kukan jariri

A nan ne muke so ki fi natsuwa, domin jariri ba zai ce miki ga inda ke damunsa ba.

Igiyar murya tana iya shanyewa ga jariri idan naƙuda ta yi tsanani aka ja wuyansa wajen fitowa, kamar wanda ya zo ta ɗuwawu ko wanda kafaɗarsa ta maƙale. Tana iya shanyewa bayan tiyatar zuciya, musamman ga bakwaini. Tana kuma iya zama alamar matsala a ƙwaƙwalwa, kamar taruwar ruwa a kai, ko ga jaririn da aka haifa da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa ake nace miki da ƙaramar ƙwayar folik asid. Ƙashin baya da lakar ɗan tayi suna gama rufewa cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauka ba, don haka mai shirin ɗaukar ciki tun kafin ta ɗauka ya kamata ta fara sha.

Idan igiya ɗaya ce ta shanye, kukan yakan fita siriri, kamar iska ta fi sauti yawa. Za ki ga ya buɗe baki, fuska ta yi ja, amma daga tsakar gida ba a jin sa. Yakan ƙware wajen shan nono, ya yi tari, ya saki nonon. A gida irin wannan jariri yabo yake sha, ana cewa mai haƙuri ne. Ba kowane shiru ne haƙuri ba.

Idan kuwa duka biyun ne suka shanye, abin mamaki, kukan yana iya fita da ƙarfinsa kamar lafiya, saboda igiyoyin sun tsaya ne kusa da juna. Buɗewa ce ta gagara. Sai ki ji wata ƙara mai kaifi duk lokacin da ya ja numfashi, ƙasan wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa, leɓɓa ko harshe su yi duhu idan ya yi kuka ko yana tsotso. Wannan ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba, kuma ƙarfin kukan ne ke yaudarar iyaye.

Adalci ne mu faɗa cewa yawancin jariran da ke ƙara wajen numfashi ba shanyewar jijiya ke damunsu ba. Saman akwatin muryarsu ne bai gama ƙwari ba, yana lanƙwasawa idan sun ja iska, kuma yakan gyaru da kansa kafin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Amma kunne kaɗai ba ya raba su. Ko likita sai ya leƙa.

Akwai kuma kukan da sauyinsa ke nuna ciwon ya kai ga ƙwaƙwalwa. Kuka mai tsananin kaifi wanda rarrashi ba ya tsayar da shi, ga jaririn da idonsa da jikinsa suka yi rawaya, yana banƙarewa, alama ce shawara ta yi yawa. Shanya shi a rana ba zai wadatar ba. Irin wannan kuka da zazzaɓi ko kumburin maɗiga yana iya zama sanƙarau. Jaririn da ya yi kwanaki yana tsotso lafiya sannan bakinsa ya ƙi buɗuwa, jiki na sandarewa, ana tsoron tetanus. Wanda kuma aka lasa wa zuma, daga baya kashi ya tsaya, kuka ya yi rauni, wuya ya saki, yana iya kamuwa da dafin wata ƙwayar cuta da zuma kan ɗauko, wadda hanjin babba ke iya wa amma na jariri bai iya ba. Zuma waraka ce ga manya, amma a jira yaro ya cika shekara ɗaya.

Ga yayyensa kuma, a tuna da mashaƙo, wanda ya ɓarke a Nijeriya daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Jihar Kano cikin 2023. Yaro yakan yi kamar ya warke, sai bayan mako biyu ko uku muryarsa ta koma ta hanci, ya sha ruwa ya fito masa ta hanci. Dafin ciwon ne ya kama jijiyar ganda, kuma a makonnin da ke biye yana iya sauka ƙafafu da tsokar numfashi. A mayar da shi asibiti. Rigakafin yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14, yana kuma haɗe da ta tetanus da ake yi miki a wurin awo.

Magana ga kaka da maigida

Mun san cewa a gidaje da yawa ba mai jego ce ke yanke shawara ba. Idan jariri yana ƙwarewa ko kukansa ya shaƙe, abin da ake fara cewa shi ne beli ne, a kira wanzami. Inna, Baba, da girmamawa muke faɗa: beli ba shi ne ke fitar da murya ba, igiyoyin suna can ƙasa inda aska ba ta kaiwa. Jaririn da maƙogwaronsa ba ya rufewa, idan aka yanke masa beli, jinin huhu zai gangara, ban da haɗarin zubar jini da tetanus. Haka ɗura. A toshe wa irin wannan yaro hanci a zuba masa ruwa ko kunu, hanya ce mafi sauri ta kai shi ga ciwon huhu.

Abin da za a yi miki a asibiti

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai fara da tambayoyi: yaushe abin ya fara, farat ɗaya ko a hankali, da safe ya fi ko da yamma, kina ƙwarewa, an taɓa yi miki tiyata a wuya ko ƙirji. Zai sa ki ja "aaa" iya tsawon numfashinki. Mai shanyayyar igiya ba ta yawan kai daƙiƙa 10, domin iskar tsiyayewa take yi. Zai sa ki yi tari ya ji ƙarfinsa, ya duba harshe da ganda da idanu.

Sannan a leƙa. Da ɗan madubi ake yi tun 1854, lokacin da wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel Garsiya, ya ga igiyoyin muryarsa da madubi da hasken rana. Yanzu an fi amfani da wani siririn bututu mai laushi da fitila a bakinsa, a bi da shi ta hanci. Ba a sa barci, 'yan mintoci ne, babu abin da zai taɓa cikinki, kuma ana yi wa jariri yana riƙe a hannu. Kukan da zai yi ma taimako ne, don a lokacin ne ake ganin igiyar da ke motsi da wadda ta tsaya.

Idan an ga shanyewa, sai a bi hanyar jijiyar a nemo dalili: hoton wuya da na zuciya da irin na'urar da ake duba cikinki da ita, gwajin jini, hoton ƙirji, ko hoton ƙwaƙwalwa. Hoton MRI ba ya amfani da hasken eksire. Na ƙirji da na kai kuwa, abin da ke isa ga ɗan tayi kaɗan ne ƙwarai, don haka idan likita ya ce ana buƙata, ki sanar da mai ɗaukar hoton kina da ciki, amma kada ki ƙi.

Magani

Maganin farko shi ne na tushen ciwon: hawan jini, ko zuciya, ko mayasteniya, ko ruwan da ya taru a kan jariri, wanda idan aka rage shi igiyoyin kan dawo aiki.

Ita jijiyar da aka ja ko aka danne takan farfaɗo da kanta, amma a hankali. Shi ya sa likitoci ke jira wata 6 zuwa 12 kafin su yi tiyatar dindindin ga babba, ga jarirai ma fiye da haka, kuma da yawa daga waɗanda suka samu rauni wajen haihuwa suna warkewa cikin wannan lokaci. Jiran ba zaman banza ba ne. Masanin gyaran magana zai koya miki yadda za ki fitar da murya ba tare da matse wuya ba, da yadda za ki karkatar da kai wajen haɗiya. Raɗa da yawan gyaran murya ba hutu ba ne ga maƙogwaro, ki rage su, ki yawaita shan ruwa. Jariri kuma a shayar da shi kansa a sama, kaɗan-kaɗan, akai-akai, ana bari ya huta. Idan duk da haka yana ƙwarewa ko ba ya ƙara nauyi, za a tatsi nononki a ba shi ta siririn bututun hanci zuwa ciki. Nononki ne dai yake sha, kuma bututun ba na har abada ba ne.

Idan igiya ɗaya ta ƙi dawowa, ana iya yi mata allurar da za ta ƙara mata kauri ta isa ga 'yar'uwarta, ko a yi ƙaramar tiyata a tura ta tsakiya, dabarar da likita Isshiki na Japan ya bayyana a 1974. Idan duka biyun ne kuma numfashi ya yi wuya, akan buɗe 'yar ƙofa a gaban wuya a sa bututu. Iyaye suna firgita da jin haka, kuma ba laifinsu ba ne, amma shi ke riƙe da ran yaron har jijiyar ta farfaɗo, kuma akan cire shi idan hanya ta buɗe. Akwai kuma wata larurar da ke sa murya ta riƙa tsinkewa kamar ana shaƙe mutum, alhali dariya da waƙa suna fita daidai. Allurar Botox a tsokar murya duk wata 3 zuwa 4 ita ce maganinta, amma akan ɗage ta sai an haihu.

Dashewar muryar da ta kai mako 4 ba ta tafi ba, ko da babu wani ciwo tare da ita, ki faɗa a wurin awo a rubuta miki takardar zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Wadda ta biyo bayan tiyata, ko ta zo da ƙwarewa ko ƙari a wuya, kada ki jira mako huɗun. Ƙarar numfashi, duhun leɓɓa, ƙin kama nono, karkacewar baki ko nauyin harshe kuwa, sashen gaggawa za a nufa kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Ki zo da katin awo da na jariri, da kwalin duk maganin da aka sha, na asibiti da na gargajiya. Idan akwai waya a gidan, a ɗauki bidiyon jaririn yana kuka da yana tsotso, ƙirjinsa a buɗe, domin sau da yawa sai an iso gaban likita yaro ya yi barci abinsa.